Ranar da Inna Ta Karɓi Waya

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, kamar gidaje da yawa a unguwar Magajiya, uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. In za ta yi magana a kansa sai ta ce "yayanku", in ranta a ɓace yake ta ce "wancan". A hannun kakarmu ya tashi a Hashimi, bai dawo gidanmu ba sai da ta rasu, lokacin har ya fara tsawo. Na taso ina ganin Inna tana zuba masa tuwo ta miƙo mini in kai masa, shi kuma yana gaishe ta daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Sai da waya ta shiga tsakaninsu na fara tunani a kai, kuma har yau ban tabbata na fahimci abin daidai ba.

Yaya bakanike ne, wutar mota yake gyarawa a wani gareji a Gauraka. A shekarar da na gama bautar ƙasa wani ejan ya samo masa hanyar aiki a wata ƙasar Larabawa. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, don takardunsa ba su cika ba, kuma ban san wanda zai karanta wannan ba. Domin a biya ejan, Inna ta sayar da filin da Baba ya bar mana. Ita ta yanke shawarar, amma ba ita ta faɗa masa ba. Ni ta aika.

Da ya tafi, sai aikin waya ya faɗo kaina. Ni ce auta, ni ce mai digiri, ni kaɗai na rage tare da Inna a gida. Ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi, inda albashi yake zuwa in ya ga dama. Inna tana toya waina da safe. Da waɗannan biyun muke ci, a cikinsu kuma za a fitar da kuɗin kiran ƙasar waje.

Kiran farko kai tsaye na yi shi, don ban san wata hanya ba. Na sa kati, na buga, na buɗe muryar wayar na ajiye ta a kan tabarma kusa da Inna. Tana yankan kuɓewa, ba ta ajiye wuƙar ba.

"Salamu alaikum. Inna, ina wuni?"

Ta dube ni. "Ki ce masa lafiya lau."

"Yana jin ki ai, Inna."

"Ke dai ki ce masa."

Na ce masa. Ta ce in tambaye shi su wa yake zaune da su, musulmi ne, akwai masallaci kusa, ana samun gero a can. Kowace tambaya sai ta bi ta bakina, amsar ma haka, ko da yake ta ji ta da kunnenta. Yaya ya yi dariya ya ce, "Auta, duk karatun nan ashe tafinta za ki zama?" Na ce masa tafinta ma ana biyansa. Yana cikin ba da labarin burodin da suke ci safe da yamma, sai muryar wata mata ta katse shi, ta ce da Turanci kuɗina ya ƙare. Inna ta tambaye ni wace ce wannan. Na ce kamfani. Ta ce ba ta da kunya.

Daren ranar na kasa daina lissafin waina nawa kiran ya cinye. Washegari na fara tambayar mutane.

Hanyar farko ita ce filashin: in buga, ta yi ƙara ɗaya, in katse, shi kuma ya kira idan ya sami sarari. Juma'a ce ranar hutunsu, kuma agogonsu yana gaba da namu, saboda haka yakan kira lokacin da mazan unguwa suke shirin tafiya masallaci. Wannan ya yi mana aiki na ɗan lokaci, sai dai raina bai kwanta ba, don na san nauyin kawai na ture masa. Daga nan na gwada wani tsari na musamman da kamfanin layi yake tallatawa don kiran waje. Na danna lambobin da aka ce, aka cire kuɗin, sai daga baya na gano ƙasar da yake ba ta cikin tsarin. Mai yiwuwa an rubuta hakan a wani wuri, ni ce ban gani ba, ko da yake na karanta saƙon fiye da sau ɗaya.

Wata malama 'yar kudu da muke koyarwa tare, wadda mijinta yake Turai, ita ta ce mini in bar wahalar da kaina in koma kiran data. "Ni da oga kullum muna faɗa kyauta," in ji ta. Na sayi data. Kuɗin ya sauko ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma sabis ɗin data a gidanmu ba ya shiga ɗaki. Wuri ɗaya yake tsayawa, bakin rijiya, a tsakiyar tsakar gida, inda 'yan haya suke wanki da wanke-wanke. Can nake tsayawa da waya a sama, Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta ba mu gefe. Muryar Yaya tana zuwa a makare. Sai ya ce "ina wuni" mu ma muna cewa "ina wuni", duk mu yi shiru, duk mu sake farawa tare. Wani lokaci maganarsa ta kakkarye kamar ana taka ƙwarya. Matan 'yan haya sukan rage ƙarar bokiti don su taya mu ji, su ɗaga murya su ce a gaishe shi, ya turo musu turare.

Mafi arha duka shi ne saƙon murya. In naɗi magana a gida, in tura idan na je makaranta, inda mai makarantar yake barin intanet ɗin ofis a buɗe. Nasa ma a can nake saukewa, in kawo gida in kunna wa Inna bayan la'asar. Kusan kyauta ne. Na yi alfahari da wannan dabara, ina jin har na faɗa wa mutane.

A cikin irin wannan saƙo ne ya fara gaya mini gaskiya. Ya soma da cewa wannan nawa ne ni kaɗai, kada in kunna a gida. Na saurare shi a bayan aji, yara suna hutun tara. Babu gareji. Wankin mota yake yi a rana, fasfonsa yana hannun mai gidan aikin, albashi kuma an daina maganarsa. Ya gudu daga can, yana kwana a ɗakin wasu 'yan ƙasarmu, ba ya fita sai dole. Ya ce hanya biyu ta rage masa. Ko ya miƙa kansa ga hukuma, a tsare shi na wani lokaci, a sa shi a jirgi da kayan jikinsa. Ko ya bi wani mutum da yake neman masu kiwo can cikin hamada, inda ba a tambayar takarda, ba kuma sabis. Wasu sun je sun samu, in ji shi. Ban tambaye shi sauran ba, shi ma bai faɗa ba.

Ban kunna wa Inna ba, amma ba ta buƙaci a kunna mata ba. Ta lura na yi filashin, Juma'a ta wuce bai kira ba. Ta lura saƙonninsa sun gajarce, dariyar da ke ciki kuma ta zo a inda ba a dariya. Wata safiya ina taya ta juya waina, ba tare da ta ɗago daga tanda ba ta ce, "Abin bai yi ba ko?"

Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa mata, na rage abin da zan iya ragewa. Ta kwashe wainar da ta nuna, ta zuba wani ƙullun, ta ɗiga mai.

"Ki ce masa ya dawo," ta ce. "Ni ba fili na haifa ba."

Na tura masa a ranar. Amsarsa ta zo da wuri.

"Auta, wannan maganarki ce. Na san ki, tun kina ƙarama ko akuya ta kalle ki sai kin yi kuka. Matar da ta sayar da filin marayu saboda ni ba za ta ce in dawo da leda a hannu ba. In sauka a Gauraka in ce wa yaran gareji me? In wuce ta gaban filin nan kullum wani yana gini? In dai ita ce, ta faɗa mini. In ta faɗa, wallahi gobe zan je in miƙa kaina."

Na rantse masa, ya ce rantsuwar mai tausayi ba ta zama shaida. Na ce wa Inna ta maimaita in naɗa. Tana ganin na danna wayar ta rufe baki, sannan ta ce in kashe abin nan. Na gaya wa Yaya zan naɗi muryarta a ɓoye. Ya ce kada in soma, in na yi wa Inna haka ba zai saurara ba, kuma ni da shi mun ɓata. Na kira shi ta data a bakin rijiya, ina fata maganar za ta fito. Inna ta ce in tambaye shi ko zafi ya ragu. Wata 'yar haya ta ce har yanzu tana jiran turarenta.

A lokacin na yanke cewa laifin arha ne. Na ce a raina, wace uwa ce za ta yi irin wannan magana a tsakar gida, a gaban masu wanki, a layin da yake cinye rabin kalma? Na ga kamar duk dabarun da na yi na rage kuɗi su suka hana su samun wuri. Ina jin tunanin bai zama na banza ba gaba ɗaya, ko da yake yanzu ina shakka.

Mutumin hamada ya ba Yaya wa'adi zuwa ƙarshen mako. Na roƙi mai makaranta ya ba ni wani abu daga albashina, na sa shi duka a kati, don kira kai tsaye, irin na farko, mai tsabta. Na tura wa Yaya cewa ya nemi inda babu hayaniya ranar Juma'a. Sannan na zauna a gaban Inna, abin da ban saba ba.

"Inna, sau ɗaya kawai. A ɗaki, ke da shi, ba kowa. Ni ma zan fita."

"Ba na faɗa miki ba? Ki faɗa masa mana."

"Na faɗa, bai yarda ba. Ya ce sai daga bakinki. Kalma biyu ce, Inna."

"Ke komai a wajenki kalma ne."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Amma ranar Juma'a ba ta toya waina ba. Ta yi wanka da hantsi, ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, ta sa kwalli, ta yafa mayafi, ta zauna a bakin gado kamar wadda za a yi wa baƙi. Ganin haka ya sa na ji ƙarfi. Na buga, ya ɗauka, muryarsa ta fito ras kamar yana zaure. Ban buɗe muryar ba. Na sa mata wayar a hannu, na kai hannun kunnenta, na fita na ja ƙofa. Ban yi nisa ba; na tsaya a jikin bango, inda nake jin nata ɓangaren.

Daga nan na ji ta ce, "Lafiya lau." Sai kuma, a hankali, "Kana lafiya?"

Ban taɓa jin ta ce masa "kana" ba.

Ta tambaye shi abokan zamansa. Ta tambaye shi ko yana samun salla a kan lokaci. Ta ce damina ta yi kyau bana, ta ce an gyara kwatar bayan gida. Tsakanin kowace magana akwai shiru mai tsawo, kuma a karo na farko tun da ya tafi ban damu da abin da shirun yake ci ba. Na san shi ma a can shiru yake, yana jira. Na ji ta ja numfashi. Na ji ta ce, "To, dama," ta tsaya. Na rufe ido ina motsa baki, kamar yadda nake yi wa ɗalibi idan ya kusa tuno amsa.

"To," ta sake cewa. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka. Duk inda ka sa ƙafa Allah ya buɗa maka, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya sa ka gama lafiya."

Ta yi ta addu'a, muryarta ba ta rawa ko kaɗan. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ke, zo ki karɓa."

Na shiga na karɓa. Yaya yana share hanci.

"Kin ji ko? Ta sa mini albarka."

"Yaya, ba wannan take so ta faɗa ba."

"Me ta faɗa?"

"Na ji abin da ta faɗa, amma tsaya, don Allah tsaya." Na miƙa wa Inna wayar. Ta riga ta juya fuskarta bango, tana warware mayafin. Na durƙusa na ce, "Inna, yana nan, bai kashe ba. Akwai kuɗi, akwai da yawa."

"Ki kashe," ta ce. "Kuɗinki na tafiya."

Na mai da wayar kunnena. Na yi masa magana mai tsawo, ban tuna duk abin da na ce ba. Na san na yi kuka, na san na ce masa fili ya riga ya tafi ko ya dawo ko bai dawo ba. Ya bar ni na gama. Ya ce in kula da Inna, in rage tsoro, in daina ɓata kati. Shi ya kashe.

Saƙonsa na gaba ya zo da ƙarar iska da ta injin mota. Ya ce suna hanya, mutumin da alama ba shi da laifi, akwai wani ɗan Nijar a cikinsu da yake jin Hausa. Ya ce tun da ya ji muryar Inna ƙirjinsa ya yi sanyi, yanzu ya san da yardarta yake tafiya. Na yi ta juya ko in kunna mata. Daga ƙarshe na kunna, don ban ga ina da ikon ɓoye mata muryar ɗanta ba. Ta saurara har ƙarshe tana jiƙa shinkafar waina. Ta ce, "To." Ta ƙara ruwa a robar.

Sau ɗaya na tambaye ta, bayan an kwana biyu, kuma ban tambaya da ladabin da ya kamata ba. Na ce me ya hana ta. Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta ce, "Na buɗe baki. Sai na ji yadda yake numfashi, yana jira in ce masa ya kasa." Ba ta ƙara ba. Ban sani ba ko wannan ne dalilin duka, ko kunyar ɗan fari ce ta sami abin fakewa, ko su biyun ne a haɗe har ita ma ba za ta iya raba su ba. Akwai ranakun da nake jin haushinta, akwai ranakun da nake jin nasa, don shi ma ya san irin uwar da yake neman kalmar a bakinta. Yawancin ranaku ba na jin haushin kowa, gajiya kawai.

Damina ta sake zuwa ta wuce tun lokacin. Yanzu kiran waje ba shi ne damuwata ba. Na san kowace hanya mai sauƙi, har malaman makarantarmu ni suke tambaya, ina kuma nuna musu. Sai dai lambar Yaya a kashe take. Idan aka shigo da su gari sayen kaya, wanda ba shi da tsayayyen lokaci, yakan ari waya ya turo gajeren saƙo: yana lafiya, raƙuma suna lafiya, a gaida Inna. Ba ya maganar albashi, ba ya maganar dawowa. Muryarsa ta bushe, Hausarsa ta fara ɗaukar wani karin harshe da ban sani ba. Kafin in sauke saƙon a makaranta in mayar da amsa, an riga an koma da su. Ina turawa duk da haka, ga lambar mutanen da ban sani ba, ina cewa Inna ta ce ya dawo. Ban san ko ana kunna masa ba.

Inna ta rage toya waina, ta ce hayaƙi yana damun idonta. Ba ta tambayar labarinsa, ba ta cewa "yayanku", ba ta ma cewa "wancan". Ranar Juma'a dai, idan ta ji an fara kiran salla, takan leƙo ɗakina ta tambaye ni ko akwai caji a wayar. In ce akwai. Sai ta ce in bar ta a kunne, ta koma ɗakinta.